Cefanen Da Na Koya Bayan Rasuwar Matata

Ban san cefane ba sai da na haura shekara arba'in. Ina yaro mahaifiyata ke riƙe da tukunya, da na yi aure matata ta karɓa. Nawa shi ne in nemo, in miƙa, in dawo in tarar an zuba mini. Abin da na riƙe daga ƙuruciya shi ne yadda mahaifiyata ke sayen abu: ta ɗaga, ta juya, ta latsa, ta kai hanci, sannan ta jefa a kwando ko ta mayar. In ban da hatsi da wake da gishiri, babu abin da ke daɗewa a gidanmu, domin duk abin da take shigowa da shi mai saurin lalacewa ne, ko a ci ko a yi asara. Matata ma hannunta irin wannan ne. Ina ganinsu suna yi, kamar yadda kowane yaro da kowane miji ke gani, ba tare da na san ilimi nake kallo ba.

Jinyar matata ba ta yi tsawo ba. Allah ya karɓi abarsa, ya bar ni da yara biyu, mace ce babba, sai ƙaninta da bai daɗe da shiga makaranta ba. Zaryar asibiti ta riga ta raba ni da aikin da nake yi da rana, don haka da 'yan gaisuwa suka ɗauke ƙafa na fita neman duk abin da ya samu. Abin da ya samu shi ne aikin dare a wani babban kanti, irin wanda mutum ke tura keken kaya ya zaɓi abin da yake so da kansa. Jera kaya a kanta shi ne aikina. Wata maƙwabciya, Allah ya saka mata, ita ke leƙa yaran da dare.

Da na fara, aka miƙa mini takarda mai zanen kowace kanta, an nuna inda kowane kwali da kowace kwalba za su tsaya. Wani abokin aiki da ya daɗe a wurin ya ce mini, "Ɗan'uwa, takardar nan kuɗi ce, kada ka matsar da komai." A hankali na gane nufinsa. Kayan da ake so su fita suna daidai idon babban mutum. Alewa da hatsin karin kumallo masu zanen dabbobi a kwali suna ƙasa-ƙasa, daidai idon yaro. Mai araha yana can ƙasa inda sai an durƙusa, ko can sama inda sai an yi ɗage. Bakin kowane layi, inda dole a bi kafin a juya, shi ne wuri mafi daraja, kuma kamfanoni na biyan kanti don a ajiye musu kaya a irin waɗannan wurare. Madara da ƙwai suna ƙurya, ta yadda wanda ya shigo dominsu kaɗai sai ya ratsa layuka ya dawo. Wurin biyan kuɗi kuwa, inda mutum ke tsaye ba abin yi, an kewaye shi da cakulan da cingam da lemo mai sanyi. Lokaci-lokaci a ce mu sauya wa kaya wuri, washegari ka ga tsofaffin abokan ciniki suna dube-dube, kafin su gano abin da suka zo nema sun ɗauki wasu biyu.

Akwai tsarin da ya fi waɗannan girma, wanda mai aikin dare ya fi kowa ganinsa. Ɗanyen kaya duk suna jikin bango: kayan lambu, kayan marmari, nama, kifi, madara. Dalilin a fili yake. Firji na bukatar wuta da bututu, mahauta na bukatar ɗaki a bayansu, motocin da ke kawo sabon kaya kullum ta ƙofar baya suke saukewa. Tsakiyar kanti ta kayan da ba sa gaggawa ce, leda da kwali da gwangwani, abin da zai yi watanni a kanta bai sauya kama ba. A tsakiyar nan aka ajiye ni.

Da asuba nake tashi aiki, jiki a mace, ciki ba komai. Kafin in fita sai in ɗauki kwando in bi layukan da na jera da hannuna: taliyar da ke dahuwa cikin 'yan mintoci, biskit, naman gwangwani, soyayyen dankali na leda, lemon kwalba manya-manya tunda babbar ta fi sauƙin kuɗi. Yara na murna. Babu doguwar tsayuwa gaban wuta, babu wanke-wanke, babu abin da zai ruɓe a firji.

Amma gajiya ba ita kaɗai ba ce, kuma wannan ne abin da ban iya faɗa wa kowa ba a lokacin. Ba na iya shiga sashen kayan lambu. Yana bakin ƙofa, dole a wuce ta gefensa, ni kuwa sai in sunkuyar da kai in ƙara sauri. Ƙamshin ɗanyen ganye da albasa da lemon tsami ƙamshin hannunta ne. In ya buge ni sai in ji ƙirjina ya cushe, in rasa inda zan sa kaina a tsakiyar mutane. A gida tukwanenta suna jere yadda ta bar su. Wata 'yar ƙarama na saya nake tafasa ruwa a ciki don kada in taɓa nata. Masu ba da shawarar a ci lafiyayyen abinci ba kasafai suke tunawa da cewa a kowane gida girki yana da mai shi ba, kuma ranar da mai shi ya tafi, waɗanda aka bari ba su da hannu, ba su kuma da zuciyar koyo. Na san akwai gidaje da yawa da ke cin abincin leda saboda baƙin ciki, ana yi musu kallon masu lalaci.

Haka muka ɗauki shekaru. Na yi ƙiba, na ɗora laifin a kan girma. Ƙishirwa ta dame ni, in sha lemo, ta ƙaru. Fitsari ya hana ni barcin ranar da nake samu. Rubutun takardar zane ya fara yi mini dishi-dishi. Abin da ya kai ni asibiti ɗan rauni ne a ƙwauri, inda katakon kaya ya ƙuje ni, ya ƙi warkewa. Aka yi mini awon jinin nan da ke nuna matsakaicin suga na watanni biyu zuwa uku da suka wuce. Likitar ta ce daga 6.5 cikin ɗari zuwa sama ciwon suga ake kiransa, nawa kuwa ya wuce nan da nisa. Jinina ma ya haura 140 bisa 90.

Ta ajiye biro ta ce, "Malam, jiya me kuka ci a gida?"

Na fara lissafi, sai na ji sunayen kamfanoni nake jerowa. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta tambayi aikina, da na faɗa mata ta ce, "Ashe ka fi ni sanin kantin. In ka shiga cefane, bi bango ka zagaya tukuna. Kada ka shiga tsakiya sai da sunan abin da ya kai ka a rubuce." Ta rubuta mini magani, ta ce maganin zai yi nasa, sauran yana cikin kwandona.

Duk da haka ban motsa ba. Ciwon kaina na iya haɗiye shi. Abin da ya karya ni shi ne ranar da na kai ƙaramin wurin likitan haƙori saboda kukan da yake yi da dare, aka ce haƙoransa na ciki sun rube, sai an cire wasu. Yana kan kujera ya riƙe yatsana yana kallona, ni kuma maganar da mahaifiyarsa ta yi mini a gadon asibiti take dawo mini: "Ka riƙe mini su." Na yi iya ƙoƙarina, ban bar su da yunwa ko dare ɗaya ba, ga shi abin da nake ciyar da su ke cin su. Daren nan na je aiki, na tsaya gaban kantar alewar da ke daidai idon yaro, na daɗe ban iya ɗaga kwali ba.

Daga nan na fara karatu a waya lokacin hutun tsakar dare. Ina son in san wa ya tsara wurin da nake aiki haka, kuma tun yaushe. A da mai saye gaban kanta yake tsayawa ya faɗi bukatarsa, mai kanti ya ɗauko masa. A 1916 wani ɗan kasuwa, Clarence Saunders, ya buɗe kanti a birnin Memfis na Amurka inda mutum ke shiga ya ɗauka da kansa, ya kuma shata hanyar ta yadda sai an wuce ta gaban duk kayan kafin a kai wurin biya. A 1937 wani mai kantuna a Oklahoma, Sylvan Goldman, ya lura mutane na daina ɗauka da zarar kwando ya yi nauyi, sai ya kawo keken turawa. Da mutane suka ƙi amfani da shi, ya ɗauki hayar maza da mata su riƙa tura shi cikin kanti kamar masu sayayya har aka saba. Wato fiye da shekara ɗari ke nan masu basira suna nazarin ƙafar mai saye da idonsa, ni kuma ina shiga musu da asuba, ga yunwa ga barci ga ciwon zuciya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wani gwaji da aka yi a Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa da ke Amurka, ƙarƙashin Kevin Hall, aka wallafa sakamakonsa a 2019. Mutum 20 aka zaunar a asibitin bincike. Mako biyu ana ba su abincin da ya sha sarrafawar masana'anta, mako biyu kuma wanda aka dafa daga ɗanyen kaya. An daidaita suga da mai da gishirin da ke cikin abin da ake ajiye musu, aka ce kowa ya ci iya cinsa. A makonnin abincin masana'anta sun ci ƙarin kalori (ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki) kusan 500 a rana, nauyinsu ya ƙaru da kusan kilo ɗaya. A ɗaya makonnin suka sauke kusan haka. Mutanen su ne dai, halinsu bai canza ba, abin da ke cikin faranti ne ya canza. Na karanta wannan na ji wani nauyi ya sauka daga kaina, domin na daɗe ina zaton kwaɗayi ne ya same ni da girma.

Ba na cewa masu kanti mugaye ne. Da albashinsu na tufatar da 'ya'yana, kuma ɗan kasuwa dole ya nemi riba. Abin da ba ya ruɓewa ba ya jawo masa asara, shi ya sa ya fi son sa. Amma ban yarda da masu cewa ai zaɓi ne kawai, kowa ya ɗauki abin da ya ga dama ba. Ni na jera, na san yadda ake sa mutum ya ga dama. A Ingila tun Oktoban 2022 doka ta hana manyan kantuna ajiye kayan da suga ko mai ko gishiri ya yi musu yawa a bakin ƙofa, da bakin layi, da wurin biyan kuɗi. Da wurin ajiya ba ya aiki a kan mutum, da ba a yi masa doka ba.

Ranar da na shiga sashen kayan lambu, da 'yata na shiga, domin ni kaɗai ba zan iya ba. Ranar hutuna ce, da rana, bayan mun ci abinci. Na tsaya gaban tumatir na miƙa hannu na ɗauki na sama. Ta ce, "Baba, Mama ba ta ɗaukar wanda ya yi laushi. Kawo ka gani." Ta ɗaga, ta juya, ta latsa a hankali. Ashe duk shekarun nan yarinyar tana riƙe da abin da ta gani, ba wanda ya tambaye ta. Ta nuna mini yadda ake duba gindin kabeji, da yadda ake gane kifin da ya kwana daga idonsa. Na juya baya kamar ina duba karas, hawaye na zuba. Ta gani, ba ta ce komai ba, ta ci gaba da zaɓe. Da muka koma gida ita ta sauko da babbar tukunyar mahaifiyarta ta wanke.

Da yamma na kira yayar matata. Na ce, "Yaya, wake nake so in dafa, ban san ta inda ake farawa ba." Ta yi shiru, sannan ta ce, "Haba ƙanena, sai yanzu?" Muryarta na rawa. Ta zauna a waya tana faɗa ina yi, daga jiƙo har saukewa, kuma ta ci gaba da yin haka duk ranar hutuna har hannuna ya faɗa.

Farkon abin da wuya, kada wani ya ce muku ba haka ba. Ɗanyen kaya ba ya jira. Na sha sayen ganye ya yanƙwane kafin in samu lokacinsa, kuma ga mai ƙaramin albashi zubar da abinci ciwo ne. Ƙaramin ya yi ta ture faranti yana cewa ba daɗi, gaskiyarsa kuwa, harshen da ya saba da gishirin leda komai lami yake ji. Ni ma haka na ji na wani lokaci kafin ɗanɗano ya dawo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin babban mutum kada ya kai giram 5 a rana, wato kimanin cokalin shayi ɗaya, kayan lambu da na marmari kuma a ci aƙalla giram 400. Mu mun daɗe muna yin akasin haka, jiki kuwa ba ya juyawa rana ɗaya.

Shawarar bin bango ta taimake ni ƙwarai, sai dai da na daɗe ina binta na ga tana da gyara. A jikin bangon ne ake ajiye kek, da yogot mai zaƙi, da ruwan 'ya'yan itace na kwalba, da naman da aka sarrafa da gishiri da hayaƙi, wanda hukumar binciken cutar kansa ta duniya ta sanya cikin abubuwan da ke haddasa cutar kansa tun 2015. A tsakiya kuma, cikin layukan da nake gudu, akwai busasshen wake, shinkafa, gyaɗa, man girki, kifin gwangwani da tumatirin gwangwani, waɗanda su ne ginshiƙin tukunyar mai ƙaramin ƙarfi. Masu bincike a Jami'ar Sao Paulo ta Burazil, ƙarƙashin Carlos Monteiro, sun raba abinci gida huɗu bisa yawan sarrafawar da ya sha, kuma a rabonsu kifin da aka sa a gwangwani da gishiri da mai daban yake da abin da aka harhaɗa daga sinadaran da babu mai girkin da ke ajiye su a gida. Wannan ya sauƙaƙa mini. Kayan lambu na firiza ma sun cece ni, domin ana daskarar da su ne jim kaɗan bayan girbi, ba sa lalacewa kafin ranar hutuna, sau da yawa kuma sun fi sauƙin kuɗi.

In na shiga tsakiya yanzu, bayan kwali nake dubawa. Gabansa talla ce. A baya ake jera abin da ke ciki bisa nauyi, mafi yawa a farko, don haka in suga ya zo na ɗaya ko na biyu na san abin da nake riƙe da shi. Giram 4 na suga cokalin shayi ɗaya ne. Ƙaramin gwangwanin lemo mai mililita 330 na iya ɗauke da giram 35, kusan cokali tara ke nan, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce an fi so babba kada ya wuce kimanin giram 25 a yini. Na auna cokali tara a kofi na nuna wa yaran. Babbar ta daina sha daga ranar, ƙaramin sai da aka yi ta lallashi. Na kuma daina cefane da asuba bayan tashi aiki. Mai yunwa ba ya karanta kwali.

Rauni ya warke. Nauyi ya sauka a hankali, idona ya washe, awon jinin ya yi ƙasa har likitar ta rage mini magani. Ban rabu da ciwon suga ba, ina shan maganina ina zuwa awo, kuma duk wanda ya ji alamun da na lissafa ya je a duba shi kafin ya fara gyaran kwando. Abin da ban yi tsammani ba shi ne yadda zaman gidan ya canza. Da kowa ledarsa yake ɗauka ya nufi lungunsa. Yanzu ɗaya na yanka, ɗaya na wankewa, ni ina gaban wuta, kuma a nan ne yaran suka fara ambaton mahaifiyarsu ba tare da an yi tsit ba.

Daga baya na roƙi a mayar da ni sashen kayan lambu, aka amince. Aikin ya fi wahala, akwai sanyi, akwai tsince abin da ya lalace, kuma ganin yawan abin da ake zubarwa kullum yana damuna. Nan ma akwai takardar zane: masu launi mai ɗaukar ido a gaba, don mai shigowa ya ji ya shigo wuri mai kyau ya saki jiki. Ina ganin masu shigowa da sassafe cikin kayan aiki, ido jajir, suna wuce mu da sauri su nufi tsakiya. Ba na tare kowa da wa'azi, ban san abin da ya baro a gida ba. In dai mutum ya tsaya yana juya abu a hannu kamar bai san yadda ake yi da shi ba, nakan matsa in gaishe shi, in faɗa masa yadda ake dafawa da kwanakin da zai iya yi a firji, in kuma nuna masa inda ake ajiye waɗanda aka rage wa kuɗi.

Ƙaramin har yanzu yakan tsaya a wurin biyan kuɗi ya kalli cakulan ya kalle ni. Wani lokaci in saya masa ɗaya, wani lokaci in ce yau a'a, kuma mun daina rigima a kai.